Rajista a intanet: Yaya ake yi da waɗanda ba su da adireshin imel?

Kusan duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin rajista a wani shafin intanet ya san gurbin nan da ke biyo bayan suna, inda ake neman mutum ya rubuta adireshinsa na imel.

Ga ma'aikacin ofis ko malamin jami'a, cike wannan gurbi ba ya ɗaukar minti guda. Amma ga dillalin hatsi a kasuwar Dawanau, ko manomin albasa a bakin fadama, ko uwargida mai sayar da turaren wuta daga cikin gida, sau da yawa a nan tafiyar ke tsayawa.

Waɗannan mutane suna da kuɗin sayen kaya, suna da waya a aljihu, wasunsu ma suna hada-hadar miliyoyin naira a kowane mako. Abin da ba su da shi, ko kuma suke da shi amma ba su san yadda ake buɗe shi ba, shi ne akwatin imel.

Bankuna da makarantu da asibitoci da kamfanonin ciniki da suka mayar da ayyukansu kan intanet sun daɗe suna fama da wannan matsala, kuma yadda suka zaɓi su warware ta shi ke tabbatar da ko mutum zai ci gaba da mallakar asusunsa, ko kuwa wata rana zai wayi gari ya tarar wani ne ke riƙe da shi.

Me ya sa sai imel?

Imel ya girmi shafukan intanet da kimanin shekara ashirin. A shekarar 1971 ne wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan na'urar da yake amfani da ita.

Zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da shafukan ciniki suka fara bayyana a Amurka da Turai, kusan duk mai shiga intanet yana da adireshi, ko dai daga wurin aikinsa, ko daga jami'a, ko daga kamfanin da ya jona masa layi. Daga baya aka sami na kyauta: Hotmail a 1996, Yahoo a 1997, sai Gmail a 2004.

Saboda haka masu rubuta manhaja suka ɗauki adireshin imel suka ɗora masa ayyuka uku a lokaci guda.

Shi ne sunan da mutum zai shiga da shi, tunda ba a samun mutum biyu masu adireshi iri ɗaya a duniya, alhali kuwa a unguwa guda ana iya samun Musa Ibrahim goma. Shi ne kuma hanyar aika rasit da sanarwa. Na ukun, wanda ya fi sauran nauyi ko da yake ba a cika lura da shi ba, shi ne mabuɗin ajiya: idan mutum ya manta kalmar sirrinsa, shafin zai aika masa hanyar sauya ta zuwa akwatinsa na imel, kuma duk wanda ya iya buɗe wannan akwati, shafin zai ɗauka shi ne mai asusun.

Wannan tsari ya yi wa kamfanoni daɗi domin aika imel kusan kyauta ne, kuma ba sai an ɗauki ma'aikaci ya zauna yana sauraren masu mantuwa ba. A hankali sai ya shiga cikin tubalan da ake gina manhajoji da su. Da yawa daga cikin tsare-tsaren da masu shirya shafuka ke saye ko saukewa kyauta suna zuwa ne da sharaɗin cewa dole kowane asusu ya kasance da adireshin imel, kuma kada adireshin ya maimaitu.

Waya ta riga imel isowa

A Najeriya da maƙwabtanta tarihin ya bi wata hanya daban.

Kafin shekarar 2001, layukan wayar girke da ke aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan shekarar ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, Glo ya biyo baya a 2003. Zuwa ƙarshen 2023, alƙaluman hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, sun nuna cewa layukan da ke aiki sun haura miliyan 200.

Ma'ana, miliyoyin mutane sun mallaki lambar waya shekaru da dama kafin su taɓa zama gaban kwamfuta. Da intanet ta zo musu, ta cikin wayar ta zo, kuma abin da suka fara amfani da shi shi ne WhatsApp da Facebook, waɗanda duka biyun ana iya buɗe su da lambar waya kaɗai.

Akwai kuma wani rukuni mai yawan gaske da alƙaluma ba sa nunawa: masu adireshin imel da ba su san suna da shi ba. Wayar Android tana buƙatar asusun Google kafin a iya sauke manhajoji daga rumbunta na Play Store, don haka mai shago a kasuwar waya irin ta Farm Centre da ke Kano yakan buɗe wa mai saye adireshi nan take, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya miƙa masa waya tana aiki. Ranar da wayar ta lalace ko ta ɓata, adireshin ya tafi ke nan.

Haka abin yake a shagunan intanet lokacin rajistar jarrabawa ko neman aikin gwamnati. Ɗalibi ya zo babu imel, layi ya yi tsawo, sai mai shago ya ƙirƙira masa ɗaya cikin gaggawa, ko ma ya sa nasa. Takardar samun gurbin karatu ko ta kiran ganawa za ta je akwatin da mai ita ba ya iya buɗewa, sannan mabuɗin asusunsa ya zauna a hannun mutumin da watakila ya rufe shago ya bar garin.

Dabarun cike gurbi

Idan kwamfuta ta ƙi ci gaba sai an sa imel, ma'aikacin da ke gaban abokin ciniki zai nemo abin da zai sa. Wani yakan rubuta adireshin ƙarya da ya faɗo masa a rai. Wani yakan haɗa sunan mutumin da sunan Gmail ko Yahoo, yana zaton babu mai irinsa.

Haɗarin a nan shi ne, adireshin da aka ƙirƙira da ka yana iya kasancewa na wani mutum ne na gaske a wata ƙasa. Rasit da sakamakon gwajin asibiti da bayanin bashi duk za su riƙa sauka a akwatinsa, kuma idan ya ga dama yana iya danna maɓallin "na manta kalmar sirri" ya karɓe asusun baki ɗaya.

Wasu wakilan kamfanoni kuma sun gano cewa Gmail ba ya la'akari da duk abin da aka rubuta bayan alamar tarawa a cikin adireshi, haka nan ba ya la'akari da ɗigo. Don haka wakili ɗaya yana iya yi wa mutum ɗari rajista da adireshinsa guda, yana ƙara lamba daban ga kowa. Manhajar kamfani za ta ga adireshi ɗari mabambanta, alhali duk saƙonnin akwati ɗaya suke faɗawa. Dabara ce mai sauƙaƙa aiki, sai dai ta mayar da wakilin mai riƙe da mabuɗan mutum ɗari.

Masu tsara ƙa'idojin intanet sun tanadi mafita ga wanda dole sai ya cike gurbin. Tun a shekarar 1999 ƙungiyar injiniyoyi ta IETF ta keɓe wasu sunaye da ba za a taɓa sayar wa kowa ba, ciki har da wanda ke ƙarewa da ".invalid". Adireshin da aka ƙirƙira da wannan ƙarshe ba zai taɓa isa hannun wani ba. Amma wannan toshe rami ne kawai, domin har yanzu abokin cinikin ba shi da hanyar karɓar saƙo, ba shi kuma da hanyar dawo da asusunsa.

Lambar waya ta zama suna

Mafitar da ta fi karɓuwa ita ce a ɗauke dukkan ayyukan nan uku daga kan imel a ɗora su kan lambar waya.

Kenya ce ta fara nuna girman abin da hakan ke iya yi. A watan Maris na 2007 kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa, inda lambar wayar mutum ita ce asusunsa, kuma ƙaramar waya mai maɓallai ta wadatar. WhatsApp, wanda Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, ya bi irin wannan tafarki: babu sunan shiga, babu kalmar sirri, lamba kawai da saƙon tabbatarwa. A 2014 Facebook ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 19.

A Najeriya, shirin tallafin taki da iri na GES da aka fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, ya riƙa aika wa manoma sanarwar rabonsu ta saƙon tes. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya kasa asusun banki hawa uku, ya ba da damar buɗe na hawan farko da ƙananan bayanai kamar suna da hoto da lambar waya, tare da taƙaita yawan kuɗin da za a iya juyawa a cikinsa. Bankuna suka fito da lambobin USSD, irin su *737# da *894# da *966#, waɗanda ke aiki ba tare da data ba.

Kamfanonin OPay da PalmPay sun ƙara matsawa gaba, inda lambar asusun mutum ita ce lambar wayarsa idan aka cire sifilin farko. Ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya tura ɗimbin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu zuwa irin waɗannan asusu.

Hukumar JAMB ma, ko da yake tana neman adireshin imel, ta hanyar waya ake fara rajistarta. Tun daga 2021 ɗalibi kan aika lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, NIN, ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a dawo masa da lambar da zai ci gaba da rajista da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi yana maƙale da bayanansa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuya. Mutum ya rubuta lambarsa, shafin ya aiko masa da lambobi huɗu ko shida da za su daina aiki bayan 'yan mintuna, ya mayar da su, shi ke nan an tabbatar cewa layin yana hannunsa a wannan lokaci.

Akwai ƙananan tarnaƙi da masu shirya manhaja ke cin karo da su. Lamba ɗaya ana iya rubuta ta da sifili a farko, ko da 234, ko da alamar tarawa, ko da tazara a tsakani, kuma idan ba a daidaita su ba kwamfuta za ta ɗauke su a matsayin mutane huɗu. Shi ya sa ake mayar da kowace lamba zuwa tsarin duniya na E.164, wanda ke farawa da lambar ƙasa, kamar 234 ta Najeriya ko 227 ta Nijar ko 233 ta Ghana, kuma ba ya wuce lambobi 15. Wani lokaci ma ƙasa ce gaba ɗaya ke sauya lambobinta: Kodebuwa ta tashi daga lambobi takwas zuwa goma a watan Janairun 2021, Jamhuriyar Benin ta yi hakan a watan Nuwamban 2024. Duk kamfanin da ya mayar da lambar waya sunan abokan cinikinsa a waɗannan ƙasashe sai da ya gyara rumbun bayanansa.

Lamba aro ce

Babbar matsalar tana wani wurin. Mutum yakan ce "lambata", amma a doka da a aikace lambar ba tasa ba ce. Hukuma ce ke raba wa kamfanonin waya rukunin lambobi, su kuma su ba wa masu saye damar amfani da su muddin layin yana aiki.

Ƙa'idojin NCC sun bai wa kamfani damar rufe layin da ya shafe wata shida ba a kira, ba a sa kati, ba a yi wata hulɗa mai kawo kuɗi da shi ba. Idan ya ƙara wasu wata shida a haka, ana iya karɓe lambar a sayar wa wani.

Sabon mai layin zai fara samun saƙonnin bankin tsohon mai shi. Idan ya buɗe wata manhaja ya sa lambar, tana iya gaishe shi da sunan wancan, ta aiko masa da lambar tabbatarwa, ta buɗe masa ƙofa. A wajen kwamfuta babu abin da ya sauya: lambar ita ce dai, kuma wanda ke riƙe da ita ya amsa tambayar da aka yi masa daidai.

Matsalar ba ta Afirka kaɗai ba ce. A shekarar 2021 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Princeton ta Amurka, Kevin Lee da Arvind Narayanan, sun duba lambobi 259 da kamfanonin waya ke shirin sake sayarwa, suka tarar 171 daga cikinsu har yanzu suna maƙale da asusun tsofaffin masu su a manyan shafuka. A shekarar ne kuma hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta buɗe wani rumbu da kamfanoni za su riƙa dubawa su ga ko an sauya wa lamba mai ita.

A Najeriya lamarin ya ƙara girma saboda aikin haɗa layuka da lambar NIN, wanda gwamnati ta ba da umarninsa a watan Disamban 2020. Bayan cikar wa'adin ƙarshe a watan Satumban 2024, da kuma tantance alƙaluman kamfanoni da aka yi, adadin layuka masu aiki ya faɗo ƙasa da miliyan 160. Duk layin da aka rufe alhali akwai asusun da aka buɗe da shi, ya bar mai asusun ba shi da hanyar karɓar lambar tabbatarwa.

Akwai kuma batun mamaci, wanda ya kamata iyalai su kula da shi. Magidanci ya rasu, an ajiye wayarsa a cikin akwati, iyali suna zaman makoki, matansa suna takaba, rabon gado kuma yakan ɗauki watanni ko ma shekaru. A duk tsawon wannan lokaci kwanakin layin suna ƙirguwa. Idan yana da kuɗi a asusun da lambar ce kaɗai shaidarsa, haƙƙin magada, har da marayu, yana rataye ne da ɗan katin da babu wanda ya tuna ya sa wa kuɗi.

Bayan sake sayar da lamba, sai satar ta. Abin da jama'a ke kira "welkam-bak", wato sake fitar da katin layin da ya ɓata, hanya ce ta halal da kowa ke buƙata. Sai dai ɓarawon da ya tattara bayanan mutum, ko ya sami haɗin bakin wani ma'aikaci, yana iya amfani da ita ya mayar da layin wani kan katinsa. Mai layin zai ga wayarsa ta daina nuna sabis, kafin ya isa ofishin kamfani an kwashe abin da ke asusunsa. Ta irin wannan hanya aka ƙwace shafin Twitter na shugaban kamfanin da kansa a lokacin, Jack Dorsey, a watan Agustan 2019. Tun a 2017 cibiyar tsara ma'auni ta Amurka, NIST, ta sa tabbatarwa ta saƙon tes cikin hanyoyin da ta ce a yi amfani da su da taka-tsantsan.

Adalci ne a ambata cewa imel ma ba dawwamamme ba ne. A 2013 Yahoo ya sake raba adireshin da aka daɗe ba a buɗe ba ga sababbin mutane, sannan daga watan Disamban 2023 Google ya ba wa kansa damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Bambancin shi ne wa'adin layin waya ya fi gajarta, kuma talaka ya fi yawan sauya layi.

Idan saƙon bai iso ba

Saƙon tes ba kyauta ba ne. Kowace lambar tabbatarwa da aka aika, kamfani ne ke biya, kuma 'yan damfara sun gano yadda za su ci riba da hakan: sukan sa na'ura ta riƙa neman lambobin tabbatarwa dubbai zuwa layukan da suke da kaso a kuɗin da ake biya a kansu. A farkon 2023 Elon Musk ya yi iƙirarin cewa irin wannan zamba tana jawo wa Twitter asarar dala miliyan 60 a shekara, kuma a watan Maris na shekarar kamfanin ya daina bai wa waɗanda ba sa biyan kuɗi damar tabbatarwa ta tes.

Ƙananan kamfanoni kuma, domin rage kashe kuɗi, sukan bi ta hanyar aika saƙonnin talla masu araha. Amma tun 2016 NCC ta ba wa jama'a lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla, don haka wanda ya toshe su yana iya zama yana jiran lambar tabbatarwa da ba za ta taɓa zuwa ba, sai fa idan kamfanin ya biya kuɗin hanyar da aka ware wa saƙonnin hada-hada.

Wani lokaci kuma sabis ɗin ne babu shi gaba ɗaya. A 2013 an katse layukan waya a jihohin Borno da Yobe da Adamawa bayan kafa dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 an yi hakan a Zamfara, daga baya ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mazauna waɗannan wurare sun riƙa yin tafiya mai nisa domin samun inda za su karɓi saƙo.

Wasu kamfanoni kan tanadi kiran murya da na'ura za ta karanta lambobin, abin da ke taimakon wanda ba ya karatun boko, musamman idan da harshensa aka yi. Wasu kuma kan aika ta WhatsApp.

Waya ɗaya, mutum biyar

Manhajoji da dama sun gaji wani zato daga zamanin imel, cewa kowace lamba ta mutum ɗaya ce. A gidaje da yawa a karkara kuwa waya ɗaya ce, kuma tana hannun maigida. Mata ne suka fi shiga wannan hali.

Idan asibiti ko shirin tallafi ya ce lamba ɗaya asusu ɗaya, matar da ta zo rajista da lambar mijinta za a ce mata an riga an yi amfani da ita. Idan kuma aka karɓa, duk wani saƙo game da lafiyarta ko kuɗin sana'arta zai fara bi ta hannun mai wayar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu tattara bayanai alhakin kare sirrinsu, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kai. Shi ya sa ya fi dacewa saƙon da ke zuwa irin wannan waya ya tsaya a kan "a zo asibiti ranar kaza", ba tare da faɗin dalili ba.

Abin da ya fi aiki

Darasin da masu gina irin waɗannan tsare-tsare suka koya shi ne a raba ayyukan nan uku da tun farko aka ɗora wa abu guda.

Asusun ya kasance yana da lambarsa ta cikin gida wadda ba ta sauyawa har abada, kamar lambar katin asibiti ko lambar ɗalibi. Lambar waya da adireshin imel su zama hanyoyin tuntuɓa kawai, waɗanda ake iya ƙarawa, a cire, a sauya, ko ma mutum biyu su yi tarayya a guda. Kamfanin da ya yi haka, ranar da abokin cinikinsa ya sauya layi gyara ɗaya zai yi. Wanda kuwa ya gina komai a kan lambar waya, sai ya bi kowane rasit da kowane bashi yana sauyawa, ko kuma mutumin ya buɗe sabon asusu ya bar tarihinsa a baya.

Shiga asusun kuma kada ya dogara da riƙe layi kaɗai. Idan aka haɗa da lambar sirri da mutum ya haddace, wanda ya sayi tsohuwar lamba zai sami saƙon tabbatarwa amma ba zai iya wucewa ba. Haka nan idan an shiga daga sabuwar waya bayan dogon shiru, ko an ga alamar an sauya katin layi kwanan nan, ya kamata a dakatar da fitar da kuɗi mai yawa na ɗan lokaci har sai an ƙara tantancewa.

Wurin da aka fi gane ingancin tsari shi ne ranar da mutum ya zo ya ce layinsa ya ɓata, lambar sirrin ma ya manta. Shafukan da aka gina bisa imel ba su da amsa face a aika saƙo. Waɗanda suka san abokan cinikinsu sukan tanadi mutum: reshe, ko wakili a kasuwa, ko ma'aikacin da zai duba fuska da katin shaida. Wasu kan buga wa mai rajista lambobin ajiya a takarda tun ranar farko, ya adana tare da takardun fili. Wasu kan nemi lamba ta biyu ta ɗan'uwa. Dukkan waɗannan suna cin kuɗi fiye da saƙon imel, kuma kowace hanyar dawowa da aka buɗe wa mai gaskiya, mayaudari ma zai gwada ta, musamman idan ma'aikacin da ke bakin ƙofa mai saurin tausayi ne ko mai kwaɗayi.

A ɓangaren kuɗi, Najeriya ta jingina lamarin da shaidar jiki. Lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014 tana haɗe da zanen yatsu da hoton fuska, haka ma NIN. A watan Disamban 2023 bankin ya ba da umarnin cewa ko asusun hawan farko sai an haɗa shi da ɗaya daga cikin lambobin biyu. Wannan yana ba wa wanda ya rasa layinsa hanyar tabbatar da kansa da abin da ba a sayar wa wani bayan wata goma sha biyu. Sai dai ya bar waɗanda ba su sami yin rajistar NIN ba a waje, kuma ƙaramin shagon intanet ko makaranta mai zaman kanta ba su da hurumin tara irin waɗannan bayanai barkatai.

Manyan kamfanonin fasaha suna tallata wata sabuwar hanya da Apple da Google da Microsoft suka sanar da goyon bayanta a watan Mayun 2022, inda wayar da kanta ke adana mabuɗin sirri, mutum ya buɗe da yatsa ko fuska, babu kalmar da za a haddace, babu saƙon da za a jira. Hanyar ta fi saƙon tes tsaro nesa ba kusa ba. Amma tana buƙatar babbar waya, kuma idan wayar ta ɓata, galibi ta cikin asusun Google ko na Apple ake dawo da mabuɗin, wato dai adireshin nan da mai shagon waya ya buɗe ranar saye, wanda mai wayar bai taɓa sanin kalmar sirrinsa ba.